Shafukan da Muke Tsallakewa: Dorugu Ɗan Ƙasar Kance da Masu Gabatar da Shi

Ƴan uwa ɗalibai, zan fara da wani laifi da kusan dukanmu muke yi, ni ma ban fita ba. In littafi mai wuyar samu ya faɗo hannunmu, mai shi ya ce gobe da safe yana son abinsa, sai mu ruga wurin mai fotokopi. Burs ba ta fito ba, aljihu ba nauyi, kowane shafi kuma da kuɗinsa. To mi muke ce ma mai inji? «Fara daga babi na ɗaya.» Bango, da shafin da ke ɗauke da shekara da garin da aka buga littafin, da gabatarwa, duka mu tsallake su, wai surutun manya ne, ba ya fitowa a jarrabawa. Dala ashirin ko talatin ɗin da muka tsirar, mu sha shayi da su.

Bara ne na ga abin da wannan tsimi ke jawo mana. Wani abokina ya miƙo mini wasu takardu, kwafin kwafi ne, baƙin inji ya cinye gefensu. Ba bango, ba shekara, sai wata kalma ɗaya da wani ya rubuta da bik a sama: Dorugu. Hausa ce da boko, amma wata irin Hausa da sai ka karanta da ƙarfi kafin kunnenka ya kama ta. Labarin wani yaro ne ɗan manomi da aka kama bauta, ya bi hannu-hannu, ya faɗa wurin wani mai suna Tabib, daga nan wurin wani Abdul Karim, suka yi ta tafiya har suka ƙetare teku. Dare ɗaya na cinye shi. Da safe na ce ma abokina: «Labarin ya yi daɗi, amma wane ne ya ƙaga shi?» Ni a ganina ƙagaggen labari ne, Tabib da Abdul Karim kuma wasu fataken Larabawa ne.

Da na kai zancen wurin wani malaminmu, dariya ya yi. Ya ara mini wani littafi na Ingilishi da aka buga a 1971, ya ce kar in taɓa labarin sai na gama shafukan farko. Ingilishina na lise ne, da ƙamus a gefe na yi ta fama. Amma da na gama na koma kan takardun nan nawa, wallahi kamar an kunna fitila a ɗaki. Kalmomin ba su sake ba, ko ɗaya. Abin da ya sake shi ne yanzu na san ƙasar da ake tafiya a cikinta, da shekarun, da wanda ke magana, da wanda ake gaya ma. Aikin gabatarwa ke nan, kuma shi nake so mu duba tare ta kan wannan littafi guda.

Ƙasar da yaron ya fito

Abu na farko da gabatarwa ke ba mai karatu shi ne ƙasa a ƙarƙashin ƙafarsa. Dorugu mutum ne na gaske. An haife shi wajen 1840 a wani ƙauye da ya kira Dambanas, kusa da Kance, kudu maso yamma da Zinder. Ke nan ɗan gida ne. Wanda ya taɓa shiga mota daga Zinder zuwa Matamaye ya ratsa ƙasar da wannan yaro ya yi wasan ƙasa a cikinta.

Amma sanin wuri kaɗai bai isa ba, sai an haɗa da zamani. A waɗannan shekaru Damagaram tana ƙarƙashin inuwar Barno, tana aika gaisuwa da haraji zuwa Kukawa wurin Shehu Umar ɗan Shehu Laminu. A lokaci guda kuma ƙarfinta ƙaruwa yake yi, tana haɗiye ƙananan sarautun da ke kewaye da ita. Zinder ta zama mahaɗar ayari. Fatake na fitowa daga Kano su sauka a Zango, su wuce Damargu da Agadas, su bi ta Gat har Tarabulus. Wata hanyar kuma ta nufi gabas zuwa Barno. Abin da ke tafiya bisa waɗannan hanyoyi ba tufafi da fata da gishiri da kanwa kaɗai ba ne. Har da mutane.

Akwai shaidar wani da ya gani da idonsa. James Richardson, Baturen Ingila, ya zauna a Zinder a farkon 1851, zamanin Sarki Ibrahim. A cikin littafinsa da aka buga a 1853 bayan mutuwarsa, ya ba da labarin yadda sarki ya fita hari ya komo da bayi, kuma ya ce bashin da fatake ke bin fada yana cikin abin da ke tura sarki ga irin wannan fita. Ban ce a wannan harin aka kama Dorugu ba. Abin da nake cewa shi ne a cikin waɗannan shekaru ne aka kama shi, yana yaron da bai wuce shekara goma sha biyu ba, aka yi gabas da shi har Kukawa.

Kun ga bambancin? In ba ka san wannan ba, kamun yaron zai zo maka kamar ƙaddarar da ke faɗa ma jarumin tatsuniya, kura ta fito daga daji ta ɗauke shi. In ka sani, sai ka ga ba kura ba ce, tsari ne: akwai fada mai bashi, akwai kasuwa mai jira, akwai hanya buɗaɗɗiya zuwa arewa, akwai kuma ƙauyuka a bakin iyakar sarautu waɗanda ba su da ganuwa, ba su da mai tsaya musu. Wannan zance ba shi da daɗin faɗi, musamman gare mu da muka tashi muna jin kirarin Tanimu, mai ganuwar Birni da igwa, wanda ya yi sarauta har 1884. Ƙarfin Damagaram gaskiya ne, kuma abin tinƙaho ne. Amma akwai waɗanda suka biya kuɗin wannan ƙarfi da jikinsu, Dorugu kuma yana cikin ƴan kaɗan daga cikinsu da muryarsu ta iso gare mu a rubuce.

Wane ne Tabib, wane ne Abdul Karim

Abu na biyu da gabatarwa ke yi shi ne ta gaya maka sunan mutanen da ka tarar a ɗaki. Hausawa sun ce baƙo makahon gari ne. Ni dai na makance sarai a nan, domin mutanen da na ɗauka Larabawa ne, Jamusawa ne su biyu. Tabib shi ne Adolf Overweg, Abdul Karim kuma shi ne Heinrich Barth. Sunayen da suka yi tafiya da su ke nan a ƙasashen Musulmi, kuma da su yaron ya san su.

Gwamnatin Ingila ce ta aiko su tare da Richardson ɗin nan, shi ne shugaban tafiyar. Sun tashi daga Tarabulus a watan Maris na 1850, da niyyar ƙulla yarjejeniyar ciniki da sarakuna da kuma neman hanyar tsai da cinikin bayi. Barth ya shiga Agadas a watan Oktoba na shekarar. A Janairun 1851 suka rabu a Damargu: Richardson ya nufi Zinder, Barth ya bi ta Tasawa da Gazawa zuwa Katsina da Kano, Overweg kuma ya yi wajen Maraɗi da Gobir. Richardson bai kai Kukawa ba, ya mutu a hanya a watan Maris. Overweg shi ne wanda ya shiga Tafkin Cadi da wani jirgin ruwa da suka ɗauko gunduwa-gunduwa bisa raƙuma tun daga bakin teku. A Kukawa ya haɗu da Dorugu, ya fanshe shi, shi da wani saurayi Bamargi mai suna Abbega. Da Overweg ya mutu a watan Satumba na 1852, sai Barth ya ɗauke su su biyu.

Daga nan ne doguwar tafiyar ta fara. Sun bar Kukawa a ƙarshen 1852, suka sauka a Zinder, suka wuce Katsina, Wurno wurin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, Sakkwato, Gwandu. Suka ƙetare Kwara a Sayi a tsakiyar 1853, suka shiga Tumbutu a watan Satumba, inda Shehu Ahmad al-Bakkay ya ba Barth mafaka wata da watanni. Suka komo ta Sakkwato da Kano zuwa Kukawa, suka hau hanyar Bilma da Murzuk, suka isa Tarabulus a watan Agusta na 1855, Landan kuma a Satumba.

A nan ma sanin zamani yana buɗe ido. Mi ya sa matafiya tsakanin Katsina da Sakkwato suke tafiya da tsoro, su kwana suna tafiya ba sauka? Domin yaƙin da ya biyo bayan jihadi bai ƙare ba. Sarakunan Katsina da aka kora sun kafa Maraɗi, Gobirawa suna Tsibiri, kuma dawakinsu na kai hari kan hanyoyin daular Sakkwato. Ke nan ɗan Maraɗi da ke karanta labarin nan ya sani, mutanen da ayari ke tsoro a daji kakanninsa ne, kuma su a wurinsu ƙasarsu da aka ƙwace suke nema.

Akwai wani tarko kuma na kalma, wanda mu ɗaliban harshe ya kamata mu lura da shi. A Hausar wancan ƙarni, «Bature» ba lalle ne ya zama annasara ba. Balaraben arewa ma Bature ne. Har yau akwai Dandalin Turawa a cikin birnin Kano, kuma unguwar Larabawa ce tun asali. Wanda ya karanta tsohon rubutu da ma'anar yau, zai sa mutane a inda ba su taɓa zuwa ba. Layi biyu na bayani a farkon littafi sun isa su tsare shi daga wannan.

Ɗakin da aka yi maganar

Abu na uku shi ne wanda ya fi kama ni, kuma shi ne aka fi mantawa. Kowane labari yana da wuri biyu: wurin da abin ya faru, da wurin da aka ba da labarin. Na farko shi ne Kance da Kukawa da Tumbutu. Na biyun fa? Wani gida ne a garin Chatham a kudancin Ingila, wajen 1856, cikin sanyi, inda wani saurayi ɗan shekara goma sha shida ko sha bakwai ke yi ma wani dattijo shifta.

Dattijon shi ne James Frederick Schön, Bajamushe ɗan mishan da ke aiki da cocin Ingila. Ya zauna a Saliyo, inda ya fara koyon Hausa a bakin bayin da aka ƴanta daga jiragen ruwa. Ya shiga tafiyar Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, ya fitar da ɗan littafin kalmomin Hausa a 1843. Bai taɓa taka Kano ko Katsina ko Zinder ba. Da ya ji Barth ya zo da samari masu jin Hausa, sai ya ɗauke su zuwa gidansa. Abbega ya koma Afirka a 1857, Dorugu kuwa ya zauna har 1864. An yi masa baftisma da suna James Henry. Ku duba sunan da kyau: James sunan Schön ne, Henry kuma shi ne Heinrich a bakin Ingilishi.

Daga bakin wannan saurayi Schön ya samu babban rabo na abin da ya gina nahawunsa na Hausa na 1862 da ƙamusunsa na 1876, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Volney a Faransa a 1877. Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Hausar da Turai ta koya a waɗannan littattafai, bakin wani yaron ƙasar Kance ne a ƙarƙashinta. Amma sunan da ke kan bango na Schön ne.

To mi sanin wannan ɗaki ke ƙara ma mai karatu? Abu biyu.

Na farko, yana koya maka ka saurari labarin da kunne biyu. Yaron yana magana ne da mutumin da yake cin abincinsa, yake kwana a gidansa, yake koya masa addini. Duk wanda ya taɓa zama a gidan wani ya san akwai abin da ake faɗi, akwai abin da ake haɗiyewa. Ba wai ƙarya ya yi ba. Amma in ka ga ya tsaya yana bayanin abin da kowane Bahaushe ya sani, ka tuna baƙo yake gaya ma. In ka ga ya wuce wani wuri da sauri, ka tambayi kanka ko gajiya ce ko kunya ce ko ciwo. Haka kuma in ya juyo yana kwatanta yadda mutanen Ingila ke zaman cin abinci, sai ka ga abin ya juye: wanda ake nazari ya koma mai nazari, yana kallon masu gidan da idon ɗan ƙauyen Damagaram, kuma idon nan ba ya kuskure.

Na biyu ya shafi harshen kansa. Farkon ganina da takardun na yi murna, na ce ga Damagaranci na fiye da shekara ɗari da sittin da suka wuce, tsantsarsa. Gabatarwa ta sa na ja birki. Yaron ya bar gida yana ƙarami, ya yi shekaru cikin Barebari da Larabawa, sannan cikin Ingilishi. Mai rubutawa kuma Bajamushe ne, da kunnen Bajamushe, wanda ya fara jin Hausa a bakin mutanen da suka fito daga garuruwa dabam-dabam. A lokacin babu haruffa masu ƙugiya, sai a ƙarni na 20 aka shigo da su. Ke nan «baki» da «baƙi», ko «kafa» da «ƙafa», ido ba zai raba su ba sai ma'ana ta raba. Karin sauti ma ba a nuna shi. In ka ci karo da wata siga da ba ka sani ba, tana iya zama tsohuwar Hausa, tana iya zama karin ƙauyensu, tana iya zama Hausar yaron da ya daɗe a waje, tana kuma iya zama kuskuren kunnen mai rubutu. Wanda bai san ɗakin Chatham ba zai ɗauki duka huɗun abu ɗaya, ya rubuta memuwar a kai, ya yi kuskure da ƙarfin zuciya.

Riga biyu, mutum ɗaya

Yanzu ga inda zancen ya ɗan yi tsami. Gabatarwa jagora ce, amma jagora ma ɗan wani gari ne, kuma yana da inda yake so ya kai ka.

Labarin Dorugu ya fito a cikin littafin Schön mai suna Magana Hausa, wanda wata ƙungiyar yaɗa addinin Kirista ta buga a Landan a 1885, kusan shekara talatin bayan shiftar. Sunan littafin da kansa ya nuna abin da aka tara a ciki: karin magana, tatsuniyoyi, almara, da guntayen tarihi. An yi shi ne domin annasara mai son koyon Hausa ya samu abin karantawa. A cikin wannan riga, rayuwar Dorugu darasin harshe ce. Kamunsa da rabuwarsa da gida sun zama jimlolin da ɗan mishan zai gwada bakinsa da su. Ashe ban yi nisa da kuskure ba da na ɗauke shi tatsuniya, tun farko kusa da tatsuniyoyi aka aje shi.

A 1971 aka sake masa riga. Anthony Kirk-Greene, wanda ya yi aikin mulki a Nijeriya ta Arewa kafin ya koma koyarwa a Zariya da Oxford, da Paul Newman, masanin harshe ɗan Amurka wanda daga baya ya rubuta babban nahawun Hausa na shekarar 2000, suka fitar da labarin da Ingilishi a maɗaba'ar jami'ar Yale, da gabatarwa da bayanai. Suka haɗa shi da labarin Maimaina, sarkin Askira, jikan Abbega. A cikin wannan riga Dorugu ya tashi daga misalin nahawu ya zama shaida, mutum mai suna da gari da shekaru, wanda za a iya aza maganarsa kusa da ta Barth a gwada. Barth ya cika mujalladi biyar da labarin tafiyar, an buga su a 1857 da 1858, kuma yaron ya fito a ciki a matsayin bara. Yanzu ga baran yana ba da nasa labarin tafiyar guda. Wannan babban aiki ne, kuma ni kaina da shi na ga hanya.

Amma ku dubi bangon littafin. An rubuta cewa labarai ne biyu daga Nijeriya ta Arewa. Ban ce ƙarya suka yi ba. Maimaina ɗan can ne, Dorugu ma a Kano ya ƙare kwanakinsa, yana taimakawa a makarantar Hanns Vischer, Ɗan Hausa, a Nasarawa, kuma a can ya rasu a 1912. Sai dai ranar da aka haifi Dorugu babu Nijeriya, babu Nijar. Ranar da ya yi shiftar ma babu su. Faransa da Ingila sun fara ja layi daga Sayi zuwa Baruwa a takarda a 1890. Sunan Nijeriya bai bayyana ba sai 1897. Faransawa sun shiga Zinder a 1899, kuma sai tsakanin 1906 da 1908 aka bi daji aka kafa alamun iyakar da muka sani yau. Layin ya bar Kance a wannan gefe namu.

Mi wannan ke jawowa? Mai jera littattafai zai aje shi a layin Nijeriya. Ɗalibin Nijar da ke neman tarihin ƙasarsa, wanda da ma da Faransanci aka koya masa karatu, zai gifta bai ko ɗaga shi ba. Ga abin mamaki: a wannan shekara ta 1971 ɗin ce André Salifou ya fitar da littafinsa kan Damagaram a ƙarni na 19, a nan gida, da Faransanci. Littafi biyu, shekara ɗaya, ƙasa ɗaya, zamani ɗaya. Ɗaya yana kallo daga fada, ɗaya daga cikin igiyar bayi. Kamata ya yi a karanta su tare, amma harshen Turawa biyu da layin iyaka ɗaya sun raba musu ɗaki.

Ba wai a mayar da martani a ce Dorugu namu ne, ba nasu ba. Wannan ma sa masa wata rigar ce da bai taɓa sawa ba. Shi ɗan ƙasar Hausa ne ta kafin layi, wadda ta haɗa Kance da Daura da Katsina da Kano a tafiyar ƙafa. Abin da nake so mu riƙe shi ne, gabatarwa ita ma takardar tarihi ce. Tana da shekararta, da garinta, da mutanen da aka rubuta ta dominsu. Tana nuna maka zamanin labarin, kuma ba da saninta ba tana nuna maka zamanin mai gabatarwa.

Abin da ya rage gare mu

Kar wani ya ce share fage al'adar annasara ce. Ibn Khaldun ya rubuta Muƙaddima a 1377 a matsayin gabatarwar babban littafinsa na tarihi, ga shi yau gabatarwar ta fi littafin suna. Muhammadu Bello, a Infaƙul Maisuri, bai faɗa cikin labarin jihadi kai tsaye ba, sai da ya fara zana ƙasashen yankin da mutanensu. Malamanmu masu waƙa da ajami sukan sa sunansu da ramzin shekara a ƙarshe, don wanda zai zo baya ya san wa ya yi, yaushe. Ko kaka in za ta yi tatsuniya sai ta buɗe da kalmomin da ke gaya ma yara cewa an bar duniyar nan an shiga ta Gizo. Matsalata da takardun Dorugu ita ce ba wanda ya gaya mini wace duniya na shiga.

Don haka ga abin da nake roƙon mu, mu ƴan wannan ƙungiya.

In za mu yi kwafi, mu fara daga bango. In kuɗi ba su kai ba, a rage daga wani wuri, ko a haɗa hannu mutum uku a yi kwafi ɗaya cikakke. In ma ya gagara, ɗauki bik ka rubuta a shafin farko sunan mai littafi, da shekara, da garin bugu. Takardar da ka yi yau za ta bi hannu goma bayanka, kuma na goman ba shi da wanda zai tambaya.

In muna karanta gabatarwa, mu yi mata tambaya uku: wa ya rubuta ta, yaushe kuma a ina, sannan don wa? Mu karanta ta sau biyu. Sau ɗaya kafin labari, don ta nuna mana hanya. Sau ɗaya bayan labari, don mu ga inda ta yi daidai da inda mai labarin ya faɗi abin da ita ba ta ji ba. Da ɗan gari akan ci gari, gaskiya ne, amma ɗan garin ma akan tambaye shi ɗan wace unguwa ne.

Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Da yawanmu muna zuwa ƙauye da hutu, mu kunna salula mu ɗauki maganar tsofaffi don memuwar ko don wannan ɗan littafi namu. A wannan lokaci mu ne Schön. Mu ne masu alƙalami, su ne masu baki. In muka kawo labarin tsohuwa muka buga ba mu faɗi garinta ba, da shekarar da aka yi hirar, da karin harshenta, da wanda ke zaune a wurin lokacin da take magana, da abin da muka gyara a bakinta, to mun yi mata abin da aka yi ma Dorugu a 1885. Tsohuwar da ke magana gaban mai gari ba ita ce mai magana a ɗakinta da dare ba. Jikan bawa da jikan mai bawa ba za su ba ka labarin hari iri ɗaya ba, kuma mai karatu yana da hakkin ya san wanne yake ji. Shafi ɗaya ya isa a faɗi wannan duka.

Ku ƴan wajen Kance da Matamaye da Magarya da Tasawa, in kun je gida ku tambayi tsofaffi abin da suka ji daga nasu kakanni game da shekarun hari, da garuruwan da suka watse, da waɗanda aka tafi da su ba su komo ba. Ku rubuto, mu buga a fitowa ta gaba. Amma kowa ya haɗo da gabatarwarsa.

Takardun nan nawa suna nan. Na je na yi kwafin shafukan farko na littafin malam, na ɗinke su a gaba, na rubuta shekarun a bango da babban baƙi: an faɗa wajen 1856, an buga 1885, an sake gabatarwa 1971. Wanda ke so ya ara, ya same ni bayan darasi. Sharaɗi ɗaya ne, in zai yi kwafi ya fara daga shafin farko.